Mamman Shata da Masu Mulki: Ina Zambonsa Ya Tsaya?

Duk lokacin da ɗalibai suka zauna hirar mawaƙan Hausa, da wuya a tashi ba wani ya ce Alhaji Mamman Shata shi ne mawaƙin da ba ya tsoron kowa, wai shi ne bakin talaka, mai faɗa wa sarki da gwamna gaskiya ido da ido. Maganar ta zama ruwan dare, har tana neman ta zauna daram a cikin kundayen da ake rubutawa don neman digiri. Nufina a wannan ɗan sharhi shi ne in auna ta, don kuwa a ganina rabinta gaskiya ne, rabinta kuwa ƙauna ce ta rufe mana ido. Rashin tsoron Shata ba abin musu ba ne. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne, wa ya harba da zambonsa, wa kuma ya ƙyale?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya tuna da bambancin da ke tsakanin zambo da habaici. A habaici ba a kama suna, jifa ce a kasuwa, mai kaza a aljihu shi ya san da shi ake. Zambo kuwa mutum guda ake nufa, a ɗauki surarsa ko halinsa ko asalinsa a kambama muninsa har jama'a su yi dariya, kuma ko ba a faɗi sunansa ba kowa a garin ya san shi. Shata ya iya duka biyun, amma zambo ne ya sa manya suke shakkarsa.

An haifi Shata a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a 1923. Babban abin lura a tarihinsa shi ne bai gaji kiɗa ba. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama maroƙi ba, domin a wurinsa abin kunya ne. Yaron ya yi tallan goro, ya yi tallan alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi kafin abin ya zama sana'a. Ya zauna Bakori, daga baya ya kafa gida a Funtuwa, ya yi ta yawo da makaɗansa na kalangu har ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a Kano cikin watan Yuni na 1999, aka kai shi Daura aka rufe, garin babban masoyinsa Sarki Muhammadu Bashar.

Wannan rashin gado shi ne mabuɗin al'amarinsa, kuma mu mutanen Zamfara mun fi kowa damar gane haka, don ƙasarmu ce matattarar makaɗan fada. Dubi Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, ko Sa'idu Faru, ko Musa Ɗanƙwairo na Maradun. Makaɗin fada yana da ubangida, ubangidan ne ke ci da shi, shi ke yi masa sutura, shi ke ba shi doki. Saboda haka zambonsa yana da alƙibla tun kafin ya buɗe baki: 'yan'uwan sarki masu hangen gadon sarauta, da hakimin da ya yi girman kai, da duk wanda fada ta juya wa baya. Zai kira su da sunayen dabbobi, ya siffanta tafiyarsu da naɗin rawaninsu, fada ta yi dariya. Zambo ne na siyasa ƙwarai, amma siyasar mai riƙe da sanda ce a kan mai neman ƙwace ta. Da zamanin jam'iyyu ya zo, ba a yi wata wahala ba wajen juya wannan makami, Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa kamar yadda ake yi wa kowane basarake.

Shata bai shiga wannan layi ba. Yana da iyayen gida da yawa, watau ba shi da ko ɗaya wanda ya mallake shi. Yau yana gaban sarki, gobe yana gaban attajiri, jibi yana wasa a gidan rawa inda direbobi da 'yan kasuwa da mata masu zaman kansu ke yi masa liƙi. Wanda ya ba shi mota bai saye shi ba, don gobe wani zai ba shi wata. A nan ne ya juya al'adar roƙo ta koma kansa. Bisa al'ada maroƙi ne ke tsoron kada a kore shi daga ƙofa. A wurin Shata kuwa mai ƙofar ne ke tsoron kada ya tashi daga ƙofarsa da fushi.

Idan ana son a ga wannan juyi a fili, sai a gwama Bakandamiyar Narambaɗa da ta Shata. Narambaɗa ya yabi kansa a tasa, ya nuna ya fi sauran mawaƙa, amma duk yabon kan nan yana cikin inuwar Sarkin Gobir ne, waƙar ta sarki ce, makaɗi ya raɓa. Shata kuwa da ya zo yin tasa sai ya cire sarki daga kan karaga ya hau da kansa. Shi ne mai waƙa, shi ne wanda ake wa waƙa. Yana lissafa garuruwan da ya taka, yana ƙalubalantar mawaƙa, yana yi wa kansa kirarin da a da sai mai rawani ake yi wa, kuma bai taɓa rera ta iri ɗaya sau biyu ba, kullum da abin da zai ƙara. Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin fankama mai ban dariya, kuma lalle akwai dariya a ciki. Amma a ƙasar da aka jera maroƙi a can ƙasan tsani, tare da waɗanda ba a son ba su aure, a ce ɗan tallan alewa ya tsaya gaban manya ya yi sa'a guda yana yabon kansa, su kuma suna miƙo kuɗi, wannan ba ƙaramar magana ba ce. In da za a tambaye ni waƙar Shata da ta fi kowace zama ta siyasa, ita zan nuna, ko da yake ba jam'iyya a cikinta.

To, mu zo ga zambon kansa. Misalin da kowa ya sani shi ne Gagarabadau. Dabarar waƙar tana cikin saɓanin da ke tsakanin amshi da jiki. Sunan waƙar kirari ne na ƙaƙƙarfan namiji, amshin kuma yabo ne irin wanda kowane ɗan kasuwa zai so a yi masa a gaban jama'a. Wanda ya ji 'yan amshi daga nesa zai ɗauka wani attajiri ake wasawa. Sai ya matso ya ji abin da Shata ke jefawa a tsakanin amshi da amshi, ya tarar ana tuɓe mutum ne tufa bayan tufa. 'Yan amshi ba su canja ko kalma ɗaya, su dai yabonsu suke yi da gaske, kuma kowace dawowar yabon nan ƙara wa zagin nauyi take yi. Gatse ne aka gina shi da ƙirar waƙa. Mawaƙin da ya tsaya yana zagi tsagwaronsa zai gaji da masu sauraro cikin minti biyar, amma wannan sai a saurara har ƙarshe, a kuma nemi a sake.

Akwai kuma sanin lokaci, wanda shi ne jarin duk mai ban dariya, kuma ba ya kamuwa a takarda. Shi ya sa ɗalibin da ya karanta waƙar Shata a rubuce yakan ce bai ga abin da ake zuzutawa ba. Ɗiyan waƙarsa gajeru ne, kalmominsa na kasuwa ne, ba ya neman lugga mai zurfi irin ta makaɗan fada. Amma yakan jefa rabin magana ya yi shiru, ya bar kalangu ya cike gurbin, jama'a su ƙarasa sauran a zukatansu, sa'an nan ya dawo ya faɗi wani abu dabam da wanda suka zata. Da yake nan take yake ƙirƙira, duk wanda ke wurin yana cikin haɗari, wanda ya shigo a makare, da wanda ya yi kyautar rowa, da wanda ya tashi zai sulale. Dariyar filin Shata dariya ce mai haɗe da fargaba.

Waƙarsa ta A Sha Ruwa wani salo ne dabam. Kalma ɗaya ya riƙe, kalmar da ba wanda zai kai ƙara a kanta. Kowa ya san ruwan da ake nufi, amma wa zai tsaya gaban alƙali ya rantse cewa ba na rijiya ba ne? Da wannan ya tsokani malamai da masu sha a ɓoye gaba ɗaya, ya kuma bar wa kansa ƙofar fita. (Allah ya karɓi abinsa wata huɗu kafin a ƙaddamar da shari'a a Gusau cikin Oktoban 1999, don haka ba mu ga yadda za su kwashe da hukuma a kan wannan waƙa ba.) Ko a waƙar da ya yi wa kumbon Apolo 11, wanda Amurkawa suka kai wata a 1969, abin da ke jan mai sauraro shi ne yadda ya kawo abin al'ajabin duniya cikin bakin mutumin kasuwa ba tare da wani ɗari-ɗari ba.

Duk wannan na yarda da shi. Inda muka rabu da masu cewa bakin talaka ne shi ne a nan: waɗanda Shata ya yi wa zambo mutane ne ɗaiɗai, kuma galibi laifinsu shi suka yi wa, ko wani nasa. Wanda ya yi masa rowa, wanda ya raina shi, wanda ya yi takara da shi, wanda ya taɓa ubangidansa. A cikin waƙoƙinsa da suka shahara, waɗanda ake sawa a rediyo kullum, da wuya mutum ya nuna guda wadda ta tunkari tsarin mulkin kansa, ta ce haraji da jangali zalunci ne, ko kotun alƙali ta zama ta mai kuɗi, ko soja sun ci amanar ƙasa. Hakimin da ya matse talakawa amma ya kyautata wa Shata yana iya samun waƙa mai daɗi. Wanda ya yi adalci ya hana shi, sai ya yi ta addu'a.

A gwada shi da Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958. A waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya sarakuna a dunƙule ya yi wa gargaɗi, ba don wani ya hana shi riga ba. Haka mawaƙan NEPU irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin, tun bayan kafa jam'iyyar a Kano a 1950, tsarin En'e suka sa a gaba. Ko a duba Kudu, inda Fela Kuti ya yi wa soja ba'a a waƙarsa ta Zombie, aka ƙone masa gida a Legas a 1977. Waɗannan suna da abokin gaba wanda ya fi mutum guda girma. Shata kuwa, a waƙa dai, lissafinsa da mutum ne.

Abin mamaki shi ne a rayuwarsa ya fi waɗansunsu shiga siyasa tsundum. Ya tsaya zaɓe ya ci kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya cikin shekarun 1970, lokacin tana Jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da GNPP ta Waziri Ibrahim, sa'an nan ya koma NPN mai mulki. A zamanin jam'iyyu biyu na Babangida ya zama shugaban SDP na Funtuwa, har aka tsige shi bayan ya yi karo da ɓangaren Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda shi ne jigon jam'iyyar a Jihar Katsina. Masu ƙaunarsa sukan kawo wannan tsigewa su ce ga shaidar ɗan gwagwarmaya. Ni abin da na gani a ciki shi ne mutumin da ba ya iya zama ƙarƙashin kowa, ko sarki ne, ko janar, ko jam'iyya. Wanda ya bar GNPP ya shiga NPN ba aƙida ce ta ja shi ba. Halin da ya hana shi zama makaɗin fada guda shi ne ya hana shi zama ɗan jam'iyya mai biyayya, kuma shi ne ya hana shi zama mawaƙin wata aƙida, don aƙida ma ubangida ce.

Kada a ɗauka ina ganin laifinsa. Mutumin da ke ɗauke da makaɗa da 'yan amshi da direbobi da iyalansu, abincinsu duka daga hannun masu mulki da masu kuɗi yake fitowa, ba daga sayar da faifai ba. Zungur malami ne, ba ya jiran liƙi. Kuma kada mu ɗalibai mu yi ta cika baki daga cikin ɗakunan kwana, kamar yi wa mai mulki ba'a abu ne mai sauƙi. A 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa waɗansu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar kotu, saboda sun yi wa Gwamna Ganduje shaguɓe. Wannan fa a mulkin farar hula ke nan, shekara ashirin da uku bayan rasuwar Shata. Mawaƙan siyasar da suka biyo baya kuwa, irin su Dauda Kahutu Rarara, zambonsu ya fi kama da na fada: akwai ubangida, akwai abokin hamayyarsa, kuma kibiya ta san inda za ta. In aka auna da wannan ma'auni sai a ga 'yancin Shata ya fi nasu nesa ba kusa ba, don shi aƙalla fushinsa nasa ne, ba hayarsa aka yi ba.

To, in ba Shata ba, wa ke yi wa tsarin kansa dariya a ƙasar Hausa? Amsata za ta ba waɗansu haushi: ɗan kama. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ta Zugu, ko ya ci kasuwannin Gummi da Anka da Bukkuyum, ko ya halarci bukukuwan ƙauye a ko'ina cikin Arewa, ya san irin mutumin da nake nufi. Ga shi da ɗan gangarsa, wani lokaci da naɗi irin na malamai, ya zauna ya gyara murya kamar mai shirin wa'azi, ya ja baƙi ya fassara, amma duk inda karatun ya nufa a kan tuwo da miya zai sauka. In ya gama da malamai sai ya koma kan mawaƙa. Zai ɗauki sananniyar waƙa, har da ta Shata, ya bar karinta da amshinta yadda kowa ya san su, ya zare sunan sarki ko attajirin da aka yi wa, ya sa fura ko ƙosai ko tsire a gurbin. Kirarin da aka yi wa jarumi sai ya koma kan malmalar tuwo, yaƙin da aka ce ya ci sai ya zama yaƙi da akushi.

Jama'a na dariya su jefa masa kwabo su wuce, ana cewa ai wasan yara ne. Amma mai karatu ya tsaya ya dubi kalmar da duk sana'ar ɗan kama ta rataya a kanta, watau ci. Da ita muke cin sarauta, da ita muke cin zaɓe. Da ita ake cin hanci, a ci amana, a ci zali, a ci mutunci, a ci bashi a hana. Bahaushe ya riga ya ajiye ra'ayinsa game da mulki a cikin wannan 'yar kalma tun kafin a haifi jam'iyya. Saboda haka lokacin da ɗan kama ya mai da waƙar yabon basarake ta zama waƙar tuwo, fassara ya yi mata. Yana cewa ne mai yabon ci yake nema, wanda ake yabon ci ya yi ya kai inda yake, malamin da ke gefe yana addu'a shi ma da nasa akushin. Bai kama sunan kowa ba, don haka ba mai kai shi ƙara, kuma bai ƙyale kowa ba, har shi kansa, tun da shi ne sarkin kwaɗayin a cikin wasan. Nan ne fa Shata, wanda manya ke tsoro, ya zama abin wasa a hannun mutumin da ba shi da ko jaki.

Gambu na Fagada, mai waƙar ɓarayi, wanda ƙasarsu ba ta da nisa da tamu, ya bi wata hanya mai kama da wannan. Da ya ɗauki yabo irin na manya ya ɗora a kan ɓarayi, tilas mai sauraro ya tambayi kansa bambancin mai fasa ɗaki da dare da mai fasa baitulmali da alƙalami. Ɗanmaraya Jos kuma, da kuntiginsa, yakan sake murya ya zama miji ya zama mata a waƙa ɗaya, ya yi wa halin jama'a dariya ba tare da ya nufi wani ba. Amma waɗannan biyu sun samu faifai da rediyo, sunansu ya zauna.

Shata ya samu fiye da haka. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, gwamnati ta ba shi lambar MON. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da babban littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006. Ya cancanci duk wannan har da ƙari. Sai dai ina ganin da muka sa masa hular dakta mun kuma so mu sa masa jar hular 'yan sawaba, alhali bai roƙe mu ita ba, kuma ba ta zauna masa ba. A kan 'yan kama kuwa, nazarin da har yanzu aka fi ambata shi ne wanda wani Bature, Gidley, ya buga a Landan a 1967. Ga mu nan cike da sashen Hausa, kowa da wayar da ke ɗaukar murya a aljihunsa, kuma a hutun da ke zuwa da yawanmu za mu wuce ɗan kama a bakin kasuwa a kan hanyarmu ta zuwa neman wanda zai ba mu labarin Shata.